Kafin Ka Ce wa Ɗan Wasa Ya Rufe Ido

Wasan farko da na shirya da ɗalibai, mutum tara ne suka hau dandamali, amma ni kaɗai 'yan kallo suka gani. Maigida yana magana da muryata, uwargida tana ɗaga gira irin yadda nake ɗagawa, hatta yaron da ya fito a almajiri sai da ya yi gyaran murya kafin ya fara bara, kamar yadda nake yi in zan fara darasi. Wani abokina da ya zo kallo ya tare ni bayan an watse ya ce, "Wallahi ka yi ƙoƙari, sau tara ka fito." Na yi dariya. Sai da na kwanta sannan maganar ta fara cizona.

Ga yadda nake gwaji a wancan lokaci. In raba takardu, kowa ya je gida ya yi hadda. Ranar Asabar mu haɗu a wani aji a nan cikin Jos, mu ture bencina gefe, a fara daga fitowa ta ɗaya. Da yaro ya faɗi magana ba ta yi mini ba, sai in miƙe in ce, "Kauce ka gani." In yi masa, in ce, "To yi haka." Da wannan "yi haka" na yi shekara biyu ina ƙera aku. Yaran ba su da laifi, abin da na nuna musu suka dawo mini da shi, har da tarina. Ku da kuke fara koyar da wasa yanzu, ko kuke ba da umarni a ƙungiyar unguwa, na san bakinku yana ƙaiƙayin faɗin wannan kalma, domin tana da sauri kuma tana sa mutum ya ji shi gwani ne. Ranar wasa za ku ga kuɗinta. Yaron da ya haddace sautin malaminsa, in abokin wasansa ya manta magana ɗaya, tsayawa yake cak kamar an ɗauke wuta, don bai taɓa sanin dalilin da ya sa yake faɗin abin da yake faɗa ba.

Mu a Jos Allah ya yi mana gata a wannan fanni. Hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya tana nan tare da cibiyarta ta koyar da aikin fim, ga Kwalejin Talabijin ta NTA a Rayfield, ga sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Jos. Saboda haka taron ƙara wa juna sani ba ya yi mana wuya. Na halarci wani na kwana uku, na dawo da littafi cike da atisaye, kaina ya kumbura. Masu taron sun yi aikinsu, sun kuma faɗi amfanin kowane atisaye. Ni ne na rubuta yadda ake yi na bar dalilin yi.

Daga nan gwajinmu ya koma wani abu daban. Sa'a biyu muke da ita, sai in cinye ɗaya da rabi wajen atisaye. A yi tafiyar kura, a yi tafiyar hawainiya. Mutum biyu su tsaya, ɗaya ya zama madubin ɗaya. A rufe ido a faɗa da baya, abokin wasa ya tare ka. A wannan na ƙarshen ne wani yaro ya sha siminti da ƙeya, saboda mai tare shi ya waiwaya kallon wata da ta shigo. Allah ya taƙaita, ƙulu ne kawai. Sati na gaba mahaifin wata yarinya ya aiko a gaya mini 'yarsa ba za ta ƙara zuwa ba, tunda ya ji ana sa maza suna tare mata da hannu. Na ji haushi a lokacin, na ce mutanenmu ba su waye ba. Yanzu in na tuna sai in ga mutumin ya fi ni gaskiya. Babu fitowa ko ɗaya a wasan da namiji zai taɓa mace, to me ya kai ni?

Wata rana wani ɗalibi mai tsaurin ido ya ɗaga hannu muna tsakiyar tafiyar hawainiya, ya ce, "Malam, don Allah wannan na mene ne?" Na ce masa haka ake yi a ƙasashen waje. Har yau ina jin kunyar amsar nan.

Abin da ban gane ba shi ne, kowane atisaye da ke cikin littafin nan wani ne ya ƙirƙiro shi don ya ga wata cuta a jikin 'yan wasansa. Sanford Meisner, malamin wasa a New York, ya lura 'yan wasa ba sa sauraron juna, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya rufe baki ya zuba tasa haddar. Sai ya zaunar da su biyu-biyu, ɗaya ya faɗi abin da ya gani a jikin ɗaya, wancan ya maimaita, a yi ta yi har hankalin kowa ya bar kansa ya koma kan abokinsa. Augusto Boal na Brazil yana aiki da talakawan da ba su saba magana a gaban jama'a ba, sai ya sa su tsaya cik su sassaƙa halin da suke ciki da jikinsu kafin a buɗe baki. Magani ne kowanne. Ni kuwa na mayar da su shayin safe, mai ciwo da mai lafiya kowa kofi guda.

Kuma ko ciwon ya zo ɗaya, jikin ba ɗaya ba ne. Da na gwada na Meisner, sai na ce su kalli juna cikin ido. Yaran da aka tarbiyyantar a kan sunkuyar da kai in babba yana magana, yarinyar da ba ta taɓa haɗa ido da namijin da ba muharraminta ba, su na ce su ƙura wa juna ido minti biyar. Dariya ta ɓarke, wasu suka rufe fuska da mayafi, na ɗauka iskanci ne na yi ta faɗa. Sai daga baya na juya kujerun, suka zauna baya da baya, aka bar kunne ya yi aikin. Nan take abin ya kama. Bahaushe da kunne yake kallon mutum fiye da ido. Matar da ke ɗaki tana sanin halin da mijinta ya dawo da shi tun daga sallamarsa a zaure.

Wannan ne ya kai ni ga atisayen da na fi amfana da shi, kuma ban samo shi a littafin kowa ba, a bakin ƙofar gidanmu yake. Gaisuwa. Kalmomin ba sa canjawa: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya sanyi, madalla. Sai in raɗa wa mai shigowa a kunne cewa rance ya zo nema, kuma bai biya na bara ba. In raɗa wa na zaune cewa ya san abin da ya kawo shi. Ba a yarda ɗayansu ya ambaci kuɗi ba. Ku zo ku ga yadda "yaya iyali" ke tsawo, yadda ake maimaita "to madalla" sau huɗu, yadda na zaune ke duba agogo yana cewa "lafiya lau." Sai a sake: suruki ne da surukinsa bayan yarinya ta yi yaji. A sake: kishiyoyi ne da safe, daren jiya an kawo wa ɗaya atamfa. Kalmomi biyar ɗin nan dai. Da yaro ya yi wannan sau uku, ba sai ka yi masa lacca a kan cewa abin da ke ƙarƙashin magana ya fi maganar nauyi ba. Ya sani tun yana goye, tuna masa kawai ka yi. Haka in ka tuna musu tashe. Yaron da ke daskarewa a dandamali, shi ne wanda da azumi ya manna gemun auduga ya ɗauki sanda ya ranƙwafa, unguwa guda tana dariya, ba wanda ya koya masa.

Murya kuwa ba zan daɗe a kanta ba. Sanyin Jos da ƙurar hunturu ba sa ragawa maƙogwaro, ni kuma "ɗaga murya!" kawai na iya cewa, har jarumata ta dishe kwana biyu kafin wasa. Minti goma na numfashi daga ciki, da ɗan karya harshe irin na ƙato da kwaɗo da ƙoto, sun wadatar. Amma ku kiyayi abin da na yi da karya harshen nan. A ƙungiyarmu akwai 'ya'yan Birom da Anaguta da Afizere da Yarbawa da suka tashi da Hausar Jos, wadda ba ta cika damuwa da bambancin ka da ƙa ba. Na dage sai na mayar da su Kanawa, na bari ana yi musu dariya. Suka koma tsoron buɗe baki. Alhali wasan a Jos yake faruwa, kuma mai kayan miya a Farin Gada da irin Hausarsu take ciniki.

Yanzu bari in zo kan wanda ya sa na ɗauki alƙalami.

A littafin nan nawa akwai wani atisaye da ake jinginawa ga Konstantin Stanislavski, Barashen da ya kafa gidan wasa na Mosko a 1898 tare da abokinsa. Ɗan wasa ya tuno wani abu da ya taɓa faruwa da shi, ya dawo da zafin a ransa, ya zuba shi cikin wasa. Muna shirya wani wasa da ke da fitowar mace mai takaba, yarinyar da na ba wa rawar kuwa kukanta na ƙarya ne, irin na rufe fuska da girgiza kafaɗa. Sai na ce yau zan yi maganin abin. Na zaunar da su duka a ƙasa, su goma sha huɗu, na ce kowa ya rufe ido ya tuno ranar da ya fi kowace rana baƙin ciki. Na sassauta murya ina jan su: me kake ji a hancinka, wa ke kusa da kai, ƙarfe nawa ne.

A Jos na yi wannan. Garin da ya ga rikicin Satumbar 2001, ya ga na Nuwambar 2008, ya ga na Janairun 2010. Ni da aka haifa a garin, na san wace unguwa aka daina shiga, na san gidajen da har yau babu rufi, amma ban tsaya na tambayi kaina abin da ke bayan idon yaran nan in sun rufe shi ba. Wanda ya rubuta atisayen wataƙila yana tunanin mutuwar kaka ko rabuwa da masoyi.

Ba mai takabar ce ta fara ba. Wata ce daga gefe, mai shiru-shiru, wadda rawarta ba ta wuce kawo ruwa ta fita ba. Na ji numfashinta ya canja, sai wani sauti da ban taɓa ji daga bakin mutum ba. Abin da ya fi damuna har gobe shi ne, a daƙiƙar farko daɗi na ji. Na ce a raina, yauwa, ga abu na gaskiya. Sai da na ga ta kasa tsayawa, jikinta yana karkarwa, tana kiran sunan yayanta, sannan na san allura ta tono garma. Yaron da ke kusa da ita, wanda ba addininsu ɗaya ba, ya tashi ya fita bai ce uffan ba. Daga baya na ji su ma an ƙona nasu gidan a rikicin. Wata uku na yi ina haɗa yaran nan suna cin abinci a kwano ɗaya, cikin minti goma na mayar da kowa unguwarsu. Kuma ban san yadda ake rufe abin da na buɗe ba. Ruwa kawai na iya cewa a kawo.

Washegari na je gidansu ba da haƙuri. Mahaifiyarta ta shimfiɗa mini tabarma, muka gaisa, ta bari na gama kame-kamena. Sannan ta ce, "Malam, mun ba ka ita ne don ta riƙa fita tana dariya cikin 'yan'uwanta. Sai kwanan nan ta fara barci." Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce Allah ya kiyaye gaba, na ce amin, na tashi. Yarinyar ba ta dawo ba, ni ma ban nemi ta dawo ba.

Ƙannena, kai malamin wasa ne, ba likitan ƙwaƙwalwa ba. Ba ka da haƙƙin fama mikin ɗan wani don fitowarka ta yi kyau, musamman ɗalibin da ba zai iya ce maka a'a ba saboda girmanka. Kuma ko ta fuskar sana'a abin ba ya biya. Mai takabar tawa ta yi kuka sosai ran nan, amma sati na gaba da ta nemo shi bai zo ba, wanda ya zo kuma nata ne, ba na matar da ke cikin wasa ba. Stanislavski da kansa, kafin rasuwarsa a 1938, ya karkata daga tonon zuciya ya koma kan aikin jiki: a ba ɗan wasa abin da zai yi da hannunsa da ƙafarsa bisa halin da ke cikin labarin, zuciya za ta biyo. Wannan rabin tarihin ban rubuta shi a littafina ba.

Shi na gwada daga baya, don ba ni da sauran dabara. Na kawo babbar riga tsohuwa daga gida, na ce wa mai takabar, "Manta da kuka. Gobe za a raba gado, 'yan'uwan mijinki za su zo ɗaukar kayansa. Ninke rigar nan, kuma ki gama kafin yara su dawo daga islamiyya, ba kya so su gan ki." Ban gaya mata na sa rabin goro a aljihu ba. Ta ninke hannu ɗaya, ta ninke ɗaya, ta shafa aljihu ta ji abu. Ta ciro, ta ga gurbin haƙori a jiki. Ta tsaya. Ta rasa inda za ta ajiye shi, ta kai shi bakin zane ta ƙulle, ta ci gaba da ninki da sauri. Ba ta zubar da hawaye ko ɗigo ba. Ranar wasa mata a layin gaba suna share ido da gefen mayafi, ita kuwa da aka tashi na same ta a waje tana cin awara tana tsokanar ƙawayenta. Haka nake so in ga ɗan wasana bayan an rufe labule.

Irin wannan ya fi yi wa masu niyyar shiga fim amfani, kuma yawancinku can kuka nufa. A wurin ɗaukar fim ba mai ba ka wata biyu na gwaji, kuma ba a bin labari a jere, ana iya ɗaukar mutuwarka da safe a ɗauki aurenka da yamma. Abin da zai cece ka shi ne tambayoyi uku da za ka saba yi wa kanka kafin ka shigo: daga ina na fito, me nake nema a wurin mutumin nan, me zai faru in ban samu ba. Nakan tsayar da ɗan wasa a bakin ƙofa in tambaye shi su. In ya yi inda-inda, ya koma.

Saura masu koyon ba da umarni, waɗanda na fi zalunta ba tare da na sani ba. Nakan ba ɗalibi fitowa ɗaya in ce shi ne darakta, in koma baya in zauna. Minti biyar ba ta cika sai ka ji ni: "A'a, a'a, ba haka ba." In taso in karɓe. 'Yan wasan su daina kallonsa su koma kallona, ko ya yi magana sai sun waiwayo sun ga ko na gyaɗa kai. Yaron ya koma mai riƙe takarda. Da wani ya taɓa yi mini haka a gaban ɗalibaina da mun ɓata har abada, amma wanzami ba ya son jarfa.

Yanzu dokoki biyu nake kafa wa mai koyon darakta, kuma dukansu daga kurakuraina na sassaƙo su. Ba zai taka cikin fili ya nuna yadda ake yi ba, ko sau ɗaya. Kuma ba zai ce wa ɗan wasa "yi fushi" ko "ƙara baƙin ciki" ba, domin wannan fuska kawai yake samarwa. Sai dai ya ba shi abin nema: ka sa ta ji kunya, ki hana shi fita daga ɗakin nan, ka lallashe shi ba tare da ka ba da haƙuri ba. Kafin ma in bar shi ya taɓa magana, sai ya ba ni labarin fitowar da hoto uku daskararru irin na Boal, farko da tsakiya da ƙarshe, a kira wani daga waje da bai san wasan ba a tambaye shi me ya gani. In baƙon ya kasa gane wane ne maigida wane ne baƙo daga tsayuwarsu kaɗai, daraktan bai gama tunani ba. Sannan kowane mai koyon darakta dole ya yi wasa a ƙarƙashin ɗan'uwansa, ya ɗanɗana yadda "ban dai ji ta ba, sake" ke ci a rai idan ba a gaya maka me za ka sake ba.

Gyarana kuma sai bayan 'yan wasa sun tafi, mu biyu, a hanya in muna gangarawa neman mota. Wannan ne ya fi ba ni wuya. Akwai wata yarinya da ta tsara fitowar rabon gado, ta ajiye mai takabar can ƙurya ta ba 'yan kallo baya, mazan suna gaba suna ta lissafi. Duk abin da na sani ya ce kuskure ne, ba a ba 'yan kallo baya. Na miƙe har sau biyu na koma na zauna. Ranar wasa ba wanda ya kalli mazan, idon kowa yana kan bayan matar nan da ba ya motsi.

Tun daga ranar, in ɗalibi ne ke jan gwaji, asuwaki nake saye a bakin hanya kafin in shiga. In zauna a benci na ƙarshe in sa shi a baki, ba na cirewa sai ya ce an tashi. Yaran sun ɗauka tsabta ce ta dame ni. Asabar da ta wuce guda biyu na cinye.